Yadda Ake Samun Gurbin Digirin Digirgir Mai Albashi a Turai a Fannin Kimiyya da Injiniya

A Suwidin da Nowe da Denmak da Holan, da kuma jami'o'i da cibiyoyin bincike masu yawa a Jamus da Suwizalan, mai karatun digirin digirgir a kimiyya ko injiniya ma'aikaci ne. Farfesa ne ke samo kuɗin wani bincike, jami'a ta tallata gurbin kamar kowane aiki, a yi wa masu nema intabiyu, wanda aka ɗauka ya sa hannu a kwantiragin shekara uku ko huɗu. Ƙarshen wata albashi ya shigo, an cire haraji, yana cikin tsarin fansho da na lafiya, kuma babu mai tambayarsa kuɗin makaranta. Yawancin guraben nan a buɗe suke ga ɗan kowace ƙasa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, haziƙan 'yan'uwanmu da suka kammala digiri na biyu a Zariya, Kano, Sakkwato, Bauchi, Maiduguri ko Yamai sun zuba ido suna jiran tallafin gwamnati da ke fitowa sau ɗaya a shekara, alhali waɗannan guraben kowane mako sai an tallata sababbi. Da rashin tayi akan bar arha. Ga yadda ake bin hanyar, daki-daki.

Mataki na farko: ka duba ko takardunka sun kai

A Turai kusan ko'ina sai da digiri na biyu ake shiga digirin digirgir, kuma wanda aka yi bincike aka rubuta kundi a cikinsa. Suna auna nauyin karatu da ma'aunin ECTS, inda shekara ɗaya ta karatu ke daidai da maki 60. Wurare da yawa suna neman jimillar maki 300, wato kwatankwacin shekara biyar ta jami'a. Suwidin kuwa dokarta ta yarda da mai digiri na biyu, ko mai maki 240 wanda aƙalla 60 daga ciki na matakin digiri na biyu ne. Injiniyan da ya yi shekara biyar a digirin farko sannan ya ƙara na biyu ba shi da matsala ta wannan ɓangare. Idan Jamus ka nufa, akwai rumbun bayanai mai suna anabin, inda za ka ga ko sun san jami'arka da matsayin da suka ba ta.

Batun sakamako, gaskiya ita ce mai daraja ta ɗaya ko babbar daraja ta biyu ya fi samun sauƙi. Wanda ya fita da ƙaramar daraja ta biyu kada ya yanke ƙauna, amma dole digirinsa na biyu ya yi kyau ƙwarai, kuma ya kasance da wani abu a hannu da zai nuna, kamar maƙalar da aka buga ko ƙwarewar da ake nema. Wanda ya biyo ta HND da difloma ta gaba da digiri, ya rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai ya tambaya tun da wuri, domin jami'o'i sun bambanta kan wannan. Wanda kuma bai yi digiri na biyu ba tukuna, ya duba shirin Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, wanda ke biyan kuɗin makaranta tare da Yuro 1,400 duk wata. Tsani ne mai kyau zuwa digirin digirgir.

Mataki na biyu: ka san abin da hannunka ya iya

Nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe. In ka tambayi mutum me yake so ya bincika, sai ya ce makamashin hasken rana, ko sauyin yanayi. Wannan sunan fage ne, bai zama tambaya ba tukuna. Tambaya ita ce, misali, ta yaya ƙurar hunturu ke rage wutar da faifan sola ke bayarwa, kuma ta wace hanya za a tsaftace shi inda ruwa ke wuya. Ko yadda za a gano gubar afulatoksin a gyaɗa da masara da na'ura mai arha. Ko yadda dalma ke tafiya a cikin ƙasa da ruwan rijiya a wuraren haƙar zinare, kamar abin da ya faru a Zamfara a 2010 inda ɗaruruwan yara suka rasu. Ko amfani da hotunan tauraron ɗan'adam wajen bin ja da cikar Tafkin Chadi. Duk waɗannan abubuwa ne da muke rayuwa a cikinsu, kuma akwai ƙungiyoyin bincike a Turai da ke aiki a kan irinsu.

Sai dai ka sani, a gurbin da aka tallata an riga an tsara binciken tun kafin a neme ka. Abin da farfesa ke dubawa shi ne ko za ka iya aikin. Saboda haka ka ɗauki takarda ka rubuta abin da ka iya yi da kanka ba tare da an riƙe maka hannu ba: rubuta manhaja da Python ko MATLAB, kwaikwayon tsari da ANSYS ko COMSOL, aikin taswira da QGIS, gwajin PCR, sarrafa wata na'urar ɗakin gwaje-gwaje. In jerin ya yi gajere, to aikin watanni shida masu zuwa ke nan. Mun san halin ɗakunan gwaje-gwajenmu, na'ura ta lalace ko babu wuta ko babu sinadari. Amma Python da R da QGIS kyauta ne, kwamfutar hannu kawai suke buƙata. A ra'ayina, wanda ya zauna ya iya nazarin bayanai sosai ya toshe rabin giɓin da rashin kayan aiki ya jawo masa.

Mataki na uku: inda ake tallata guraben

Babbar kasuwar ita ce EURAXESS, shafin Hukumar Tarayyar Turai na ayyukan bincike. Holan tana da AcademicTransfer, inda za ka ga guraben Delft da Eindhoven da Twente da Wageningen. Jami'o'in Nowe, har da NTNU ta Trondheim, suna tallata nasu a Jobbnorge. Na Suwidin da Denmak, irin su KTH da Chalmers da Lund da DTU, ka shiga shafin kowace jami'a ka nemi ɓangaren guraben aiki. A Jamus akwai rumbun PhDGermany na DAAD, hukumar musayar ɗalibai da malaman jami'a ta ƙasar, da makarantun bincike na cibiyoyin Max Planck da ake kira IMPRS, da cibiyoyin Helmholtz. Na Birtaniya kuwa FindAPhD da jobs.ac.uk. 'Yan'uwa na Nijar da Chadi da Kamaru masu Faransanci su ƙara da Campus France da shafin ABG, domin a Faransa ma akwai kwantiragin digirin digirgir na shekara uku.

Wanda ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne shirin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai. Jami'o'i da kamfanoni daga ƙasashe daban-daban ne ke haɗuwa kan babban bincike guda, su ɗauki ɗalibai da dama lokaci ɗaya. Sharuɗɗansa biyu ne manya: ba ka riga ka mallaki digirin digirgir ba, kuma ba ka zauna a ƙasar da za ta ɗauke ka fiye da wata 12 a cikin wata 36 da suka gabata ba. Ka ga wannan sharaɗi na biyu mu ya fi yi wa daɗi, don ɗan ƙasa da ke zaune a gida bai cika shi ba, kai kuwa da ke Gusau ko Maraɗi ka cika. A zagayen 2021 zuwa 2023 kuɗin zama ya kai Yuro 3,400 a wata kafin a cire haraji da sauran kuɗaɗe, ana kuma daidaita shi da tsadar kowace ƙasa, ga Yuro 600 na ƙaura, ga Yuro 660 ga mai iyali.

Kada kuma dogon hange ya hana ka ganin na kusa. Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero tana cikin masu karɓar ɗaliban RSIF, shirin tallafin digirin digirgir ga 'yan Afirka, wanda cibiyar bincike ta icipe da ke Nairobi ke gudanarwa. Shirin WASCAL na nazarin sauyin yanayi a Afirka ta Yamma, da gwamnatin Jamus ke ɗaukar nauyi, yana da reshe a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai kan sauyin yanayi da makamashi, da wani a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna. Jami'ar KAUST da ke Thuwal kusa da Jidda tana ba wanda ta ɗauka kuɗin makaranta da masauki da alawus. Ga PTDF, asusun gwamnatin Najeriya, ga masu fannin mai da iskar gas da makamashi, ga tallafin Commonwealth na karatu a Birtaniya. Ka nema duka, ba sa hana juna.

Ka buɗe tebur a kwamfuta ko littafi: sunan gurbi, jami'a, ranar rufewa, takardun da ake so. Ka kunna saƙon sanarwa a shafukan nan don sababbin guraben fanninka su riƙa zuwa imel ɗinka. Neman gurbin aiki irin wannan ba a biyan ko sisi. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi zai samo maka gurbin digirin digirgir mai albashi, ka kama gabanka.

Mataki na huɗu: ka karanta tallan da idon basira

Kowace talla tana raba sharuɗɗa gida biyu, na dole da waɗanda ake so in an samu. In ka cika na dole, ka nema ko da ba ka da rabin na biyun. In ba ka cika na dole ba, kada ka ɓata lokacinka da nasu.

Sai ka nemi layin kuɗi. A Jamus za ka ga an rubuta TV-L E13, sannan kashi kaza cikin ɗari. Wannan matakin albashin ma'aikatan jihohi ne, kashin kuma shi ne abin da za a biya ka daga cikakken albashin matakin. Injiniyoyi da masu kimiyyar kwamfuta sukan samu kashi 100, masu kimiyyar halittu da sinadarai sau da yawa tsakanin 50 da 75. A Holan shekara huɗu ce, amma kwantiragin farko yakan zama na shekara ɗaya ko ɗaya da rabi, a auna aikinka kafin a tsawaita. A Nowe shekara uku ce, ko huɗu idan za ka ba da rubu'in lokacinka ga koyarwa. Birtaniya ce ke da tarko: a can ɗalibi ne kai, kuma kuɗin makarantar baƙo ya ninka na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba. Guraben da yawa kuɗin ɗan ƙasa kaɗai suke biya. Tun 2021 hukumar UKRI, mai ba da kuɗin bincike a Birtaniya, ta buɗe tallafinta ga baƙi, amma ba su wuce kashi 30 cikin ɗari na guraben ba. In talla ba ta fito fili ta ce tana ɗaukar cikakken nauyin baƙo ba, ka tambaya a rubuce. Wasu fannonin injiniya da kimiyya kuma sai ka samu takardar izinin gwamnatin Birtaniya mai suna ATAS kafin ka nemi biza, ita ma tana cin makonni.

Mataki na biyar: takardu, tun ba a buƙace su ba

Tallan yakan yi wata ɗaya ko ƙasa da haka a buɗe, takardar makin darussa kuwa daga wasu jami'o'inmu sai ta yi watanni ba ta fito ba. Ka neme ta yau, ta digirin farko da ta na biyu, ka ajiye kwafinta mai kyau. Fasfo ma haka.

Ka baza duk takardunka a kan tabarma ka duba sunanka harafi bayan harafi. A takardar sakandare Mohammed, a ta jami'a Muhammad, a fasfo Muhammed, ko kuma sunan gari ya shigo a wata ya ɓace a wata. A gida ba a ɗauki wannan a bakin komai ba, amma ma'aikacin ofishin jakadanci mutum uku yake gani. Ranar haihuwa ma a duba ta yi daidai da ta NIN. In akwai saɓani, a gyara ko a yi takardar rantsuwa a kotu tun yanzu, kada ranar biza ta zo ana kame-kame.

Jarrabawar Turanci: yawanci ana neman maki 6.5 a IELTS ta masu karatu, ko makamancinsa a TOEFL, kuma sakamakon shekara biyu yake yi. Kuɗinta da nauyi, don haka ka fara tambaya, wasu jami'o'in suna karɓar wasiƙa daga jami'arka cewa da Turanci aka koyar da kai.

CV kada ya wuce shafi biyu. A cire addini da ƙaramar hukuma da yawan 'ya'ya, a sa taken kundinka, abin da ka gano cikin layi biyu, ƙwarewarka, da maƙalunka. Kan maƙalu ina roƙonka ka yi hattara. Mujallun da ke karɓar kuɗi su buga maka aiki cikin mako guda ba tare da masana sun tace ba, farfesoshin can sun san su sarai, kuma ganin biyar irinsu a CV yana rage maka daraja. Guda ɗaya a mujallar da ke cikin Scopus, rumbun mujallun ilimi da aka tantance, ta fi su duka, kuma ana ɗaukar mutane da yawa da ba su buga komai ba in kundinsu ya yi kyau.

Masu ba da shaida biyu ko uku, wanda ya duba kundinka ya zama na farko. Ka je ka gaishe shi, ka faɗa masa niyyarka, ka ba shi CV da tallan. Sau da yawa jami'ar ce za ta aika masa saƙo kai tsaye da wa'adi, don haka ka tabbata imel ɗin da ka bayar yana buɗe shi, in son samu ne na jami'a. Malamin da ya san aikinka ya fi babban farfesan da bai taɓa ganin fuskarka ba.

Mataki na shida: wasiƙar neman gurbi

Ita ce zuciyar neman. Kafin ka rubuta, ka shiga Google Scholar ka sauke maƙalu biyu ko uku na baya-bayan nan na farfesan, ka karanta su da biro a hannu. Wasiƙar shafi ɗaya ce, kuma kowane gurbi da tasa. Wadda aka rubuta sau ɗaya aka aika wa mutum hamsin, daga layin farko ake gane ta. Ka bar dogon labarin cewa tun kana yaro kake son kimiyya, ka bar roƙo da kukan talauci. Wanda ke karantawa abokin aiki yake nema.

Da Turanci za ka rubuta, amma ga yadda ma'anarta za ta kasance: "Farfesa wane, ina neman gurbin da kuka tallata kan taruwar ƙura a faifan sola. A digirina na biyu na auna wutar faifai shida a Kano tsawon hunturu guda, rabi ina wankewa duk mako, rabi na bar su, na kuma yi nazarin bayanan da Python. Na karanta maƙalarku kan rufin da ke hana ƙura mannewa, na lura an gwada shi a wuri mai danshi. Ina son sanin yadda zai yi a busasshiyar iska irin tamu. Ban taɓa aiki da na'urar hangen ƙananan abubuwa ta lantarki ba, amma na san ka'idarta, kuma a shirye nake in koya." Ka ga a 'yan layuka mai neman ya nuna abin da ya yi, ya nuna ya karanta, ya kawo tambaya, ya kuma faɗi gaskiya kan abin da bai iya ba.

Haka ake rubuta wa farfesan da bai tallata gurbi ba, musamman in tallafin DAAD za ka nema, wanda ke buƙatar wasiƙar amincewar malamin da zai duba aikinka, kuma a ƙa'ida digirinka na ƙarshe bai wuce shekara shida ba. In mako biyu ya wuce shiru, ka tuna masa sau ɗaya cikin ladabi, sannan ka wuce gaba. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira na iya gyara maka nahawu, amma kada ka bari su rubuta maka tunani, don ranar intabiyu kai za a tambaya.

Mataki na bakwai: intabiyu

Yawanci ta Zoom ko Teams ake yi, mutum biyu zuwa huɗu. Sukan ce ka gabatar da kundinka cikin minti goma ko sha biyar. Ka shirya allo kaɗan: tambayar, hanyar da ka bi, abin da ka samu, da inda aikin ya gaza. Wannan na ƙarshe suna son jin sa ƙwarai. Ka gwada a gaban abokai da agogo. Ka lissafa bambancin lokaci da kyau: a hunturunsu agogon Jamus da Holan da Suwidin daidai yake da na Najeriya da Nijar, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gaba da awa ɗaya. Ka cika cajin kwamfuta, ka tanadi layin data biyu na kamfanoni daban, ka nemi ɗaki mai haske da shiru, ka sanar da mutanen gida.

Tarbiyyarmu ta koya mana sunkuyar da kai a gaban malami da rashin musa masa. A wannan zama kuwa ana so ka dubi kyamara, ka kare ra'ayinka da hujja. In ba ka san amsa ba, ka ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi yadda za ka bi ka gano. Kai ma ka yi tambaya: sau nawa ake ganawa da mai duba aiki, akwai kuɗin zuwa taron masana, ɗaliban baya shekara nawa suka yi kafin su gama.

In ba a ɗauke ka ba, haka abin yake, gurbi ɗaya mutane da yawa ke nemansa. Ka yi godiya, ka tambayi abin da za ka inganta, ka aika na gaba. Wanda ake kira intabiyu amma ba a ɗauka, gabatarwarsa zai gyara. Wanda ba a kira ko sau ɗaya, ya koma kan wasiƙarsa da irin guraben da yake zaɓa.

Mataki na takwas: bayan an ce an ɗauke ka

Kafin ka sa hannu, ka nemi ɗaya daga ɗaliban farfesan na yanzu ko na da, ka tambaye shi yadda zama da shi yake. Shekara huɗu da mutum ba wasa ba ce, kuma mai duba aiki nagari ya fi sunan jami'a amfani. Ka tambayi tsadar haya, don a biranen Holan da Stockholm da Munich samun ɗaki aiki ne babba. Ka tambayi masallaci da inda ake samun naman halal. In arewacin Turai ne, ka shirya wa duhun hunturu da tsawon yinin bazara.

Jami'ar za ta ba ka kwantiragi ko yarjejeniyar karɓar mai bincike, da ita za ka nemi biza, kuma wannan nau'in izinin zama yana ba da damar tafiya da mata ko miji da yara in albashi ya kai abin da ƙasar ta gindaya. Ga wani abu da ya shafi 'yan'uwa mata musamman: a ƙasashen da mai digirin digirgir ma'aikaciya ce, tana da haƙƙin hutun haihuwa kamar kowace ma'aikaciya. Ka nemi ranar ganawa a ofishin jakadanci da zarar takarda ta iso, layin yakan yi tsawo. In an buƙaci tantance takardun karatu, a Najeriya ana farawa daga Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya sannan Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja.

Malamin jami'a ko ma'aikacin gwamnati ya nemi hutun karatu a rubuce, ya karanta sharaɗin dawowa aiki kafin ya sa hannu, kada ya tafi a ɓoye. Sannan ka tanadi guzuri: tikitin jirgi, kuɗin biza, kuɗin ajiya na haya da abincin wata guda, domin albashin farko sai ƙarshen wata, wani lokaci ma sai ka yi rajistar zama ka buɗe asusun banki tukuna. Ka tambayi sashen ma'aikata ko suna mayar da kuɗin tafiya ko suna ba da wani abu daga albashi tun kafin wata ya ƙare, wasu suna yi in an tambaya.